Lambar Auta

Mai fenti ya dangwarar da wayarsa a kan teburin Sakatariya kamar wanda ya kamo ɓarawo ya kawo gaban alƙali. Gilashinta a tsage yake, bayanta kuwa duk ɗigon fenti ne, fari a kan shuɗi, shuɗi a kan ruwan ƙasa.

"Injiniya, kai aka ce ka san kan abin nan," in ji shi. "To ga ta. Ka kira da hannunka, kada a ce sharri nake yi."

Injiniya ya sauke jakarsa, ya ɗauki wayar, ya danna lambar kamfanin ya kara a kunne. Ta yi ƙara sau ɗaya. Ta yi ta biyu. Sai ƙit, layin ya mutu, tamkar wani ya ɗaga ya kife. Wayar teburin Sakatariya kuwa, wadda ya kamata kiran ya faɗa mata, tana zaune a gabansu ko tari ba ta yi ba.

"Ka ji ko?" Mai fenti ya buɗe hannuwa. "Tun da na sayi layin nan haka ake yi mini. In na ari ta maiɗakina, nan take Hajiya Sakatariya ta ɗauka. In haushina ake ji a gaya mini, ai masu sayar da fenti ba su ƙare a gari ba."

"Wa zai ji haushinka, kai da kake kwashe mana rabin sito?" in ji Sakatariya. "Zauna ka sha ruwa, ka bar mutum ya yi aikinsa."

Kamfanin na sayar da fenti ne a sari. A ƙasa akwai wurin baje kaya da sito, a sama ofisoshi, ko'ina kuma warin nan ne da yake kama maƙoshi, wanda ma'aikatan suka daɗe da daina ji. Injiniya bai taɓa yi musu aiki ba, wanda ya haɗa musu wayoyin tun farko ya bar sana'ar. Amma duk inda ya je, ya san inda ake jefa na'urar rarraba kira, wato wurin da ba a son baƙo ya gani. A nan ma haka ne. Wani ɗan ɗaki ne a ƙarƙashin matakala, tare da tsintsiyoyi da karyayyar fanka, ga akwatin a manne da bango yana ƙyafta korayen fitilunsa. Ya kife wani bokitin fenti ya zauna, ya jona kwamfutarsa.

Injiniya mutum ne da ya fi yarda da na'ura a kan mutane, kuma ba ya ɓoye hakan. Yakan ce na'ura ba ta ƙarya, ba ta gaba, abin da aka gaya mata shi take yi, ko da wanda ya gaya matan ya manta. Saboda haka bai ɓata lokaci wajen zargin kowa ba. Ya duba ko an toshe lambar mai fenti, ba a toshe ba. Ya duba ko kiran yana isowa daga waje, yana isowa lafiya lau. A cikin gida yake ɓacewa. Sai ya buɗe tsarin kira.

Tsarin kira kamar maigadi ne mai tsananin biyayya amma marar tunani. An ba shi dokoki a jere: in kira ya zo da rana, kai shi wurin Sakatariya, in ya zo bayan an tashi, kai shi wurin saƙo, in an danna kaza, kai shi sito. Daga sama yake farawa, kuma dokar farko da ta dace da baƙo ita zai bi, ba ya ƙara kallon na ƙasa. Injiniya ya bi su ɗaya bayan ɗaya daga ƙasa, yana tsaki saboda tarkacen da aka bari. Da ya kai can sama, sai ya ga wata doka da ta sha gaban kowace. Lamba ɗaya tak ta shafa a duk duniya, kuma lambar mai fenti ce. Dokar ta ce in wannan lamba ta kira, dare ko rana, kada a tsayar da ita wurin kowa, a wuce da ita kai tsaye zuwa wani tebur.

Matsalar a fili take. Lambar teburin da aka rubuta mai alƙaluma uku ce, alhali duk wayoyin gidan yanzu huɗu-huɗu ne. Maigadin yana rungumar kiran da girmamawa, ya kai shi ƙofar da aka daɗe da toshewa, ya ƙwanƙwasa sau biyu, ya sake shi. A gefen dokar, inda ake rubuta suna, wanda ya haɗa ta ya rubuta kalma ɗaya: Auta.

Aikin minti ɗaya ne. Amma maigidansa da ya koya masa sana'a ya sha ja masa kunne cewa dokar da ba kai ka rubuta ba, kada ka goge ta sai mai ita ya ce goge. Ya leƙa waje ya yafito Sakatariya.

"Hajiya, wane ne Auta?"

Murmushin da ta shigo da shi ya gushe. Ta waiwaya, ta jawo ƙofar ta rufe, ɗakin ya ƙara matsewa.

"A ina ka ga wannan sunan?"

Ya juyo mata da kwamfutar, ya yi mata bayani a taƙaice. Ta sa tabarau ta karanta lambar, leɓunanta suna motsi. Daga nan ta dafa bango.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Lambarsa ce. Shi ya sa duk sanda mai fenti ya faɗi lambar nan nake jin kamar na san ta." Ta cire tabarau ɗin. "Ɗan Baba ne, mai kamfanin nan. Shi ne ƙaraminsu. Ya rasu bara."

"Allah ya jiƙansa. Wato layin ya daɗe ba a amfani da shi, aka sayar wa wani."

Idonta yana kan alƙaluman nan uku.

"Wannan tsohuwar lambar teburin Baba ce," ta ce a hankali. "Injiniya, in Auta ya kira, me zai ji?"

"Abin da mai fenti yake ji."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da kuka sauya lambobin cikin gida."

"Lokacin da aka buɗe sabon sito ke nan." Ta rufe baki da hannu. "Ai bai ma fara ciwon ba a lokacin."

Ya tashi ya ba ta bokitin, ta zauna, sai labarin ya ɓalle mata. Auta a nan ya tashi, a cikin gwangwanayen nan, shi Baba yake shirin bar wa kujera. Wata rana suka saɓa a kan wani ciniki, yaron ya gyara wa uban magana a gaban ma'aikata, Baba ya ce in ya fita kada ya dawo. Shi kuwa ya fita.

"Tsakanin harshe da haƙori ma ai ana saɓawa," in ji ta. "Mun ɗauka kwana biyu za a huce. Amma ka san barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Taurin kan nan gado ya yi. Ya koma wani gari mai nisa, ya yi aure, ya haifi 'ya. Baba bai je ba, bai aika ba. Shi ba ya riƙe wayar hannu, 'ya'ya sun saya masa har sun gaji, a aljihun direba suke ƙarewa. Ya ce duk mai nemansa ya san teburinsa. Ashe a ɓoye ya sa aka yi wa yaron hanya. Ko ni ban sani ba, ni da nake haɗa masa kowane kira."

"Don kada ya bi ta hannun kowa," in ji Injiniya.

"Don kada ya ji kunyar gaya mini sunansa." Ta share ido da gefen mayafi. "Da ya rasu, matar ta zo da yarinyar. A gaban jama'a ta ce, Baba, yana kwance ya yi ta kiranka, kana katsewa. Ta ce ta roƙe shi ya kira da tata wayar, ya ce in mahaifinsa ya rufe masa ƙofa, ba zai haura masa ta katanga ba. Baba ya dube ta ya ce ƙarya take yi. Ya ce ta raba shi da ɗansa yana raye, yanzu kuma tana so ta ɗora masa alhakinsa. Ta saɓi 'yarta ta fita. Daga ranar ba wanda ya isa ya ambace ta a gabansa. Ni ma, Allah ya yafe mini, na ɗauka zafin rashi ne ya sa ta faɗi haka, tunda ko sau ɗaya kiran bai zo teburina ba."

Daga waje muryar mai fenti ta taso: "Injiniya, ko na'urar ce ta cinye ka?"

Sakatariya ta miƙe, ta riƙe hannun ƙofa, sannan ta juyo.

"Don girman Allah ka goge kawai, ka ce an gyara. Tsoho ne, ga hawan jini. A bar kaza cikin gashinta."

Ta fita ta bar shi da korayen fitilu.

Injiniya ya daɗe yana kallon dokar, yatsansa a kan maɓalli. Ransa ya ɓaci, har ya ji haushin kansa da ya yi tambaya. Shi da aka kira don mai fenti ya sami damar yin odar kaya, ina ruwansa da gidan mutane? In ya goge, ba wanda zai sani. Tsohon zai ƙarasa kwanakinsa yana ganin ɗansa ne ya ƙi shi, wannan kuwa ciwo ne da ya riga ya saba da shi. Amma kuma can a wani gari akwai matar da ta faɗi gaskiya aka ce mata maƙaryaciya a bainar jama'a, da yarinyar da za ta girma tana jin cewa kakanta ya kife waya a kunnen ubanta yana jinya. Shaidar matar nan guda ɗaya ce, kuma tana ƙarƙashin yatsansa. Tausayin tsohon ya kama shi, tausayin matar ya fi. Ya naɗe kwamfutar ya hau matakala.

Ofishin Baba ba shi da tarkace. Tebur ne babba, kujeru biyu, da taga mai kallon wurin da ake loda motoci. Tsohon dogo ne, ya rame, rigarsa ta yi masa yawa a kafaɗa. Wayar tana hannun damansa, an goge ta tas, kuma babu takarda ko ɗaya a kusa da ita, kamar an share mata fili.

"Ranka ya daɗe, barka da aiki."

"Barka kadai, Injiniya. An gano ɓarawon?"

"An gano. Izini na zo nema. Akwai wata doka a tsarin kiranku, a can sama, da aka yi wa lamba ɗaya."

Fuskar tsohon ba ta motsa ba, sai dai hannunsa da ya matsa kusa da wayar.

"Ni na sa a yi ta. Ka bar ta."

"Baba, lambar yanzu ta wani ce."

"Na ce ka bar ta. Ba ta cin abincin kowa." Ya kau da kai wajen taga. "Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Na buɗe masa hanyar da ban buɗe wa kowa ba, ko shugaban banki sai ya bi ta kan Hajiya. Na zauna a nan shekara da shekaru, ko abincin rana a teburin nan nake ci. Bai kira ba. Shi ke nan, tsakanina da shi sai addu'a. Amma ka bar ta."

Injiniya ya taɓa gaya wa mutane cewa na'urarsu ta ƙone, ya taɓa gaya musu cewa an cuce su, amma bai taɓa ɗaukar magana mai nauyin wannan ba.

"Ranka ya daɗe, hanyar ba ta zuwa teburinka."

Tsohon ya juyo.

Injiniya ya buɗe kwamfutar, ya nuna masa da yatsa. Ga lambar, ga inda aka ce a kai ta, ga lambar da take jikin wayarsa a yau. Ya yi bayanin yadda aka sauya lambobi aka gyara duk sauran dokoki, aka tsallake wannan, wataƙila saboda wanda ya yi sauyin bai san ta mece ce ba, wanda ya sani kuma bai gaya wa kowa ba. Bai ƙara gishiri ba, bai rage ba. Ya ƙare da cewa duk mutanen duniya suna iya samun kamfanin nan, ban da mai wannan lamba.

"Tun yaushe?" in ji tsohon.

"Tun da aka buɗe sabon sito."

A ƙasa wani yana ta yi wa direba ihu ya ƙara matsowa baya.

"Ya kira?"

"Na'urar ba ta riƙe tarihin kira da nisa haka, Baba. Na duba. Ban sani ba."

"Ni na sani," in ji tsohon. "An gaya mini."

Ya ce a kira masa mai wayar. Mai fenti ya hawo yana shirin zuba ƙorafinsa daga farko, Sakatariya tana biye da shi, amma da ya ga fuskokin da ke ɗakin sai ya haɗiye maganarsa. Baba ya miƙa hannu, mai fenti ya ba shi wayar ba musu.

"Danna mini lambarmu," ya ce wa Injiniya, yana miƙa masa ita.

Injiniya ya danna, ya miƙa masa. Tsohon ya kara wayar nan mai ɗigon fenti a kunnensa, idonsa a kan tasa ta tebur. Ɗakin ya yi tsit har kowa yana jin ƙarar. Ta farko. Ta biyu. Ƙit.

"Sake."

Aka sake. Ƙara biyu, ƙit. Wayar teburin tana nan tas, shiru.

"Haka yake ji," in ji Baba, ba da kowa yake ba. "Yana kwance, haka yake ji. Kamar na ga lambarsa na kife." Ya ajiye wayar a hankali. Hawaye suka bi ramukan kumatunsa, bai share ba. "Na tsaya gyara masa ƙofa ta musamman. Da na bar shi ya bi ta kowa, da Hajiya ta ɗauka."

Mai fenti ya ɗauki wayarsa da hannu biyu, ya rasa aljihun da zai sa ta. "Allah ya ba da haƙuri, Baba," ya ce, ya sulale ya fita.

Injiniya ya so ya ce laifin na'ura ne, don ya rage wa tsohon nauyi. Amma shi da kansa ya san na'ura abin da aka gaya mata ta yi. Akwai kuma wata magana da ta tsaya masa a wuya, wadda ba huruminsa ba ne ya faɗa. Tsohon ne ya faɗe ta da bakinsa, yana shafa kan wayar.

"Ita wannan ai tana kira, ko ba haka ba, Injiniya? Ba amsawa kaɗai take yi ba."

"Tana kira, ranka ya daɗe."

"Tana kira," ya maimaita. Ya ɗago ya dubi Sakatariya. "Hajiya, matar nan. Surukata. Akwai wanda yake da lambarta?"

Sakatariya ta sunkuyar da kai. "Ina da ita, Baba. Nakan kira in ji lafiyar yarinyar."

Kowa ya jira faɗa, faɗa bai zo ba.

"Ta yi wayo?"

"Har ta shiga makaranta. Goshinka ne da ita sak."

Baba ya gyaɗa kai. Ya ce wa Injiniya kada ya goge dokar, ya cire tsohuwar lambar ya sa ta matar, ya kuma nuna wa dokar teburin da yake nan da gaske. Injiniya ya yi hakan a tsaye. Ya fara sa tasa lambar ta wucin gadi ya gwada da wayarsa, sai ga wayar tebur ta ɗauki ƙara, har tsohon ya zabura. Sannan ya mayar da lambar matar. Sunan da ke gefe kuwa bai taɓa shi ba.

"Bari in haɗa ka da ita, Baba," in ji Sakatariya, ta kai hannu.

"A'a. Da hannuna."

Ta karanto masa lambar, yana dannawa da yatsa ɗaya. Wayar ta yi wani ɗan kuka ta ƙi. Ya dubi Injiniya a firgice.

"Ba komai, Baba. In za ka kira waje, sai ka fara danna tara."

Duk shekarun nan bai sani ba, don shi mutum ne da ake kira. Ya danna tara, ya sake bin lambar daga farko, ya kara a kunne.

"Za ta ga lambar kamfani ce," in ji shi. "In ta katse, da gaskiyarta."

Injiniya ya rataya jakarsa, ya san ya kamata ya fita, amma ya tsaya a bakin ƙofa.

Wayar ta yi ƙara ta farko. Ta yi ta biyu, tsohon ya runtse ido ya damƙe gefen tebur.

Sai ta yi ta uku.